Da Rumawa Sun Mallaki Waya: Nisa, Labari da Mulki a Daular Rum

Daular Rum, a lokacin da ta kai iyakar faɗinta a ƙarshen mulkin Kaisar Tarajan cikin shekara ta 117 miladiyya, ta shimfiɗu daga arewacin Ingila ta yau har zuwa kogunan Iraƙi, ta zagaye Bahar Rum ta kowace gaɓa, tana ɗauke da al'ummar da masana ke ƙiyastawa tsakanin mutum miliyan 50 zuwa 70, amma duk girman nan nata kusan babu wata wasiƙa da ta taɓa tafiya a cikinta da sauri fiye da gudun doki ko tafiyar jirgin ruwa mai dogaro da iska. Tambayar abin da zai faru da a ce Rumawa sun mallaki tangarahu, tarho, rediyo ko intanet tana cikin wani nau'in nazari da ake iya kira nazarin "da a ce", wato a sauya abu ɗaya cikin abin da ya wakana, a bar sauran yadda suke, a ga abin da zai motsa. Amfaninsa ga mai neman fahimtar tarihi shi ne yana rarrabe masifun da nisa ya haifar da waɗanda tushensu yake wani wuri dabam, kuma idan aka yi wannan rarrabewa a tarihin Rum sai a ga cewa kason nisa bai kai yadda ake zato ba, kuma wani lokaci ma nisan ne ya zama garkuwar talakawa.

Tsarin aika saƙo na gwamnati, wanda daga baya aka san shi da suna cursus publicus, Kaisar Agustus ne ya kafa shi. An jera zangona a kan manyan hanyoyi, wasu na sauya dawaki kawai, wasu kuma na kwana, kuma ba mai amfani da su sai wanda yake riƙe da takardar izini mai hatimi, nauyin ciyar da dabbobi da samar da kekuna kuwa yana wuyan garuruwan da hanyar ta ratsa, abin da ya sa kukansu bai taɓa yankewa ba. Marubucin tarihin kaisarori, Suwetoniyus, ya ba da labarin wani sauyi da ya cancanci a dakata a kansa. Da farko Agustus ya jera samari masu gudu ne, wannan ya miƙa wa wancan takarda, wanda shi ne hanya mafi sauri, amma daga baya ya soke haka ya sa kekuna, domin mutum ɗaya ya ɗauko wasiƙar tun daga inda aka rubuta ta har fada, ta yadda za a iya zaunar da shi a yi masa tambayoyi kan abin da ya gani da idonsa. Ke nan mutumin da ya gina daular ya auna sauri da aminci, ya zaɓi aminci, ya yarda saƙo ya makara muddin zai zo tare da shaida. Wannan zaɓi yana nuna cewa abin da ya fi damun mai mulkin Rum shi ne sanin wanda zai gaskata, kuma wannan damuwa ce da babu na'urar da ta magance har yau.

Manzon gwamnati yakan yi kimanin kilomita 75 a rana, ko da yake a lokacin tashin hankali akan ninka haka. Labarin mutuwar Kaisar Nero a watan Yuni na shekara ta 68 ya isa ga Galba, wanda ya gaje shi, a Sifaniya cikin kwana 7, kuma labarin boren sojojin kogin Rain na ranar 1 ga Janairu 69 ya shiga birnin Roma kafin kwana 10. A teku kuwa lamarin ba shi da tabbas, domin jirgin da ya samu iska mai kyau yana iya kaiwa Iskandariyya daga Italiya cikin kwana 9, amma dawowa gaba da iska tana iya cin wata ɗaya ko biyu, sannan daga Nuwamba zuwa Maris yawancin jirage ba sa fita saboda haɗarin hunturu. Shi ya sa hawan Fatinaks gadon mulki a ranar 1 ga Janairu 193 ba a shelanta shi a Iskandariyya ba sai ranar 6 ga Maris, saura makonni uku kacal a kashe shi, kuma takardun da aka tono a Masar sun nuna magatakarda a ƙauyuka suna ci gaba da rubuta kwanan wata da sunan kaisar da ya riga ya shiga kabari.

Akwai wuraren da babu shakka waya za ta juya tarihi. A shekara ta 175 jita-jita ta isa gabas cewa Kaisar Markus Oreliyus, wanda yake yaƙi a bakin kogin Danub, ya rasu, sai gwamnan Siriya, Abidiyus Kasiyus, ya ayyana kansa kaisar, Masar ta bi shi, kuma kafin gaskiya ta bayyana ya riga ya yi nisan da babu komawa, har wani hafsansa ya kashe shi bayan kimanin wata uku. Muryar Markus a tarho ta minti ɗaya da ta wadatar. Haka nan a shekara ta 207 kafin miladiyya, lokacin da Hasdurubal, janar ɗin Kartajawa abokan gaban Rum, ya tsallako duwatsun Alf da runduna don ya haɗu da ɗan'uwansa Hanibal a Italiya, mahaya shida da ya aika da wasiƙa sun faɗa hannun Rumawa kusa da Tarentum, sai jagoran Rum Kalaudiyus Nero ya zare sojoji 7,000 a ɓoye, ya yi tattaki arewa, aka murƙushe Hasdurubal a kogin Metaurus, Hanibal bai san abin da ake ciki ba sai da aka jefo masa kan ɗan'uwansa cikin sansani. A nan abokan gaban Rum ne waya za ta ceta, kuma wannan abu ne da masu irin wannan hasashe sukan manta, domin sukan ba Rumawa na'urar su hana Kartajawa, Farisawa da ƙabilun Jamus, alhali da wuya wata fasahar yaƙi ko ta sadarwa ta zauna a hannun al'umma ɗaya na dogon lokaci.

Inda sauyin zai fi zurfi shi ne dangantakar fada da larduna. Rum ta mulki wannan ƙasa mai faɗi da manyan jami'ai kaɗan ƙwarai, 'yan ɗaruruwa a ƙarni na 2, domin mafi yawan aikin yau da kullum, kamar tara haraji, gyaran hanya, kula da kasuwa da shari'ar ƙananan laifuka, majalisun birane ne suke yinsa a ƙarƙashin attajiran gari. Gwamna yakan tafi lardinsa da umarni na gaba ɗaya, sauran kuma sai abin da hankalinsa ya ba shi, saboda amsar tambaya ɗaya tana iya ɗaukar wata biyu kafin ta dawo. Wasiƙun Filini Ƙarami, wanda ya yi gwamnan Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau wajen shekara ta 110, sun nuna yadda abin yake daga kusa. Ya tambayi Tarajan kan magudanar ruwan da aka kashe wa kuɗi aka bari ba a gama ba, kan gidan wasan da bangonsa ya tsage, kan yadda zai yi da Kiristocin da ake kawo masa ƙara, har ya nemi afuwa saboda ya ba matarsa takardar izinin amfani da zangonan gwamnati lokacin da kakanta ya rasu. Da gobara ta yi ɓarna a Nikomidiya ya nemi izinin kafa ƙungiyar 'yan kwana-kwana ta mutum 150, Tarajan ya ƙi, bisa dalilin cewa duk ƙungiyar da aka kafa a wannan lardi, kowane suna aka ba ta, takan rikiɗe ta zama ta siyasa. Wannan shi ne Tarajan, wanda Rumawa suka ɗauka mafi alherin kaisarorinsu, kuma idan har zuciyar mai alherin ta fi karkata ga tsoron taron talakawa fiye da tsoron gobara, to ba a buƙatar dogon tunani kafin a gane aikin da za a fara sa wa kwamfuta da kyamara a fadar azzaluman kaisarori irin su Domitiyan ko Karakala.

Babu labarin da ya fi fito da wannan fili kamar na Fetroniyus, gwamnan Siriya a zamanin Kaisar Kaligula. Wajen shekara ta 40 kaisar ya umarce shi da ya kafa gunkinsa a cikin babban Haikalin Yahudawa da ke Ƙudus, ko da ƙarfin soja ne, sai dubban Yahudawa suka taro shi a Tolemayis da Tibariya, suka bar gonakinsu ba shuka, suka nuna masa cewa gara a kashe su da a yi haka. Fetroniyus ya ga abin da kaisar ba zai iya gani daga Italiya ba, sai ya shiga jan ƙafa, ya bar masu sassaƙa a Sidon suna aiki a hankali, ya rubuta wa fada yana roƙon a sake tunani, kuma kowace wasiƙa da ta tafi ta dawo ta saya masa makonni. Agiriffa, wani sarki Bayahude, ma ya sa baki a Roma, amma fushin Kaligula a kan gwamnan bai kwanta ba, har ya aika masa da umarnin ya kashe kansa. Bisa ruwayar marubucin tarihi Yosifus, guguwa ta tsare jirgin da yake ɗauke da wannan umarni har wata uku, yayin da jirgin da ya ɗauko labarin kashe Kaligula, wanda ya auku ranar 24 ga Janairu 41, ya riga shi isowa da kwana 27. Da akwai tarho tsakanin Roma da Antakiya, mazaunin gwamnan Siriya, da gwamnan bai sami inda zai ɓuya ba, da an sauya shi da wanda zai aikata umarnin cikin kwana ɗaya, kuma da wuya yaƙin da ya ɓarke tsakanin Yahudawa da Rum a shekara ta 66 ya jira har lokacin. Jinkirin saƙo ya ba mutumin kirki damar yin gardama da azzalumi ba tare da ya fito fili ya yi tawaye ba, kuma duk lissafin da zai ƙirga ribar saurin sadarwa ya bar wannan asara a waje bai cika ba. Gaskiya ne kuma cewa nisan nan ya ba miyagun gwamnoni irin su Beres, wanda ya wawushe Sisiliya tsakanin 73 da 71 kafin miladiyya, damar yin yadda suka ga dama, sai dai kukan mutanen Sisiliya ya isa Roma tun yana kan kujera, abokansa a Majalisar Dattawa ne suka toshe kunne.

A fagen yaƙi ma, manyan masifun Rum da yawa ba rashin labari ne ya kawo su ba. Kafin janar ɗin Rum Barus ya shiga dajin Tutobag a shekara ta 9, inda aka hallaka rundunoni uku da mataimakansu, wani basaraken Jamusawa mai suna Segestes ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa wani jagoran Jamusawa, Arminiyus, yana shirya cin amana, ya ƙi yarda saboda Arminiyus abokin cin abincinsa ne. Yuliyas Kaisar, a ranar 15 ga Maris 44 kafin miladiyya, ya shiga zauren da aka kashe shi yana riƙe da takardar da aka miƙa masa a hanya mai bayanin makircin, bai karanta ba. Yaƙin Adiriyanobul na ranar 9 ga Agusta 378, kusa da Edirne ta yau, ya fi rikitarwa, domin a nan masu leƙen asiri sun gaya wa Kaisar Balens cewa Gotawa ba su wuce 10,000 ba, ba su kuwa ga mahayansu da suka tafi neman abinci ba, kuma hoto ɗaya daga sama da ya gyara wannan kuskure. Amma wasiƙar Garatiyan, kaisar yamma wanda yake tafe da tasa rundunar, ta riga ta iso tana roƙon a dakata a haɗu, Balens ya ƙi jira, bisa abin da marubucin tarihi Amiyanus ya ruwaito, don kada ya raba ɗaukakar nasara da ɗan ɗan'uwansa, aka rasa kashi biyu cikin uku na rundunar gabas har da shi kansa. Tarihin baya-bayan nan ma ya nuna cewa waya tana da nata sharrin ga mayaƙa, domin da aka shimfiɗa tangarahu zuwa fagen yaƙin Kirimiya a shekara ta 1855, sarkin Faransa Nafoliyon na III ya riƙa aika umarni daga Faris ga janar-janar ɗinsa kan filin da bai taɓa takawa ba, har suka yi ta ƙorafi.

Hujja mafi ƙarfi ga masu ganin waya za ta tsawaita ran daular tana cikin ƙarni na 3. Tsakanin 235 da 284 kaisarori fiye da 20 suka hau suka sauka, yawancinsu da takobi, yankin Gol ya ɓalle a ƙarƙashin Fostumus a 260, Sarauniya Zanubiya ta Tadmur ta kame gabas, kuma tushen abin shi ne ana kai hari a Rain, Danub da Furat a lokaci guda alhali kaisar ba zai iya kasancewa a wurare uku ba. Maganin da Kaisar Diyokiletiyan ya kawo a 293 shi ne mulkin mutum huɗu, manya biyu da mataimaka biyu, kowanne da mazauninsa kusa da iyaka, a Nikomidiya, Sirmiyum, Milan da Tiriya, kuma wannan hanya ce ta kai ga rabuwar gabas da yamma bayan mutuwar Kaisar Tiyodosiyus a 395. Ana iya cewa da rediyo mutum ɗaya zai iya jagorantar iyakokin uku daga zaure ɗaya. Sai dai sojan da ke bakin Danub ba umarni yake rashi ba, abin da yake so shi ne kaisar da zai gani da ido, wanda zai ci irin gurasar da yake ci, ya raba kyautar kuɗi da hannunsa, ya kuma ɗaukaka hafsoshin da suka yi fice a gabansa, kuma a wurin irin wannan soja gani ya kori ji. Ƙari ga haka, waya tana gaggauta labari ne kawai, ba ta ƙara wa ƙafar soja sauri, domin runduna mai kaya ba ta wuce kilomita 20 zuwa 30 a rana, kuma daga Rain zuwa Furat tafiyar watanni ce. An kashe Fatinaks ranar 28 ga Maris 193, cikin kwana 12 sojojin Danub sun ayyana Seftimiyus Seberus, amma sai da ya yi wata biyu kafin ya shiga Roma. Kaisar mai tarho zai ji labarin faɗuwar birni a sa'ar da ya faɗi, amma taimakon da zai aika ba zai isa da wuri fiye da na da ba sai da 'yan makonni.

Babbar ɓarakar kuwa ita ce Rum ba ta taɓa samun tabbatacciyar ƙa'idar gadon mulki ba, tun da Agustus ya gina sarauta yana kiranta jamhuriya, don haka duk janar mai rundunoni yana iya ganin kansa ya cancanta. Saurin sadarwa zai sa kaisar ya ji ƙishin-ƙishin makirci da wuri, amma zai kuma sa janar uku su ƙulla yarjejeniya cikin dare ɗaya, abin da a zamanin dawaki yake buƙatar watanni da manzannin da ake iya kamawa a hanya. Masu juyin mulki na ƙarni na 20 sun nuna cewa wanda ya riga kama gidan rediyo ya yi rabin aikin, kuma a Roma dogarawan fada, waɗanda suka yi gwanjon sarauta ga Didiyus Yuliyanus a 193, su ne za su fi kowa kusa da ƙofar gidan.

Batun talakawa da ra'ayin jama'a yana da fuska biyu. Gwamnati tana magana da jama'a ta hanyar tsabar kuɗi mai hoton kaisar da taƙaitaccen kirari, da rubutu a kan dutse, da masu shela, da kuma allunan labaran yau da kullum da Yuliyas Kaisar ya fara sa a kafa a Roma a 59 kafin miladiyya, a cikin al'ummar da masu iya karatu ƙila ba su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Rediyo, wanda ba ya buƙatar karatu, zai ba fada murya a kowane ƙauye, ya kuma ba ta ƙarfin da buƙatunta suka daɗe suna nema. A shekara ta 250 Kaisar Desiyus ya wajabta wa kowa yin hadaya ga alloli a gaban jami'ai ya karɓi takardar shaida, an kuwa tono irin waɗannan takardu fiye da 40 a Masar, amma Kiristoci da yawa sun tsira ta hanyar ƙaura zuwa wani gari ko sayen takardar, domin babu wata rijista ɗaya da ta haɗa larduna. A 301 Diyokiletiyan ya ƙayyade farashin kaya da ayyuka fiye da 1,000 da barazanar kisa, dokar ta mutu saboda kaya sun ɓace daga kasuwa kuma babu mai iya bibiya. Da rumbun bayanai na kwamfuta, dokar farko za ta yi aiki da mugun kyau, ta biyun kuwa za ta gaza duk da haka, domin ciwonta yana cikin tsabar azurfar da aka yi ta gauraya da tagulla har ta zama suna kawai.

Rumawa ba su jahilci dabarar aika saƙo daga nesa ba. Marubucin tarihi Folibiyus, a ƙarni na 2 kafin miladiyya, ya bayyana yadda ake rubuta haruffa da wutar jiniya ta hanyar raba su gida biyar-biyar, kuma a ƙarni na 9 daular gabas ta jera hasumiyoyin wuta daga iyakar Kilikiya zuwa Kustantiniya, tazarar kilomita kusan 700. Rashin gina irin wannan a faɗin daular a lokacin da take da dukiyar yin haka yana nuna cewa masu mulkinta ba su ɗauki jinkirin labari a matsayin babbar matsalarsu ba.

Rabin daular na gabas, da dawakai iri ɗaya da jirage iri ɗaya, ya rayu har 1453, kusan shekara 1,000 bayan an tuɓe kaisar na ƙarshe a yamma a 476, abin da ya bambanta su kuwa shi ne gajeruwar iyaka, ganuwar Kustantiniya, da harajin Masar da Siriya da ya ci gaba da shigowa har ƙarni na 7. Yamma ta rasa Kartaj ga Bandalawa a ƙarƙashin Gaiserik a 439, tare da alkama da harajin Afirka ta Arewa, kuma fadar kaisar yamma da ke Rabenna ta san da wannan asara sarai, kuɗin biyan sojojin da za su ƙwato ƙasar ne babu, tun da daga can ɗin suke fitowa. Yunƙuri mafi girma ya zo a 468, lokacin da Kaisar Liyo na gabas ya zuba dukiyar baitulmalinsa a kan ɗaruruwan jirage a ƙarƙashin surukinsa Basiliskus, wanda ya isa gaɓar Tunisiya ta yau, ya amince da roƙon Gaiserik na tsagaita wuta na kwana 5, har iska ta juya aka koro masa jirage masu cin wuta cikin nasa. A wannan wuri kam, waya ɗaya daga Kustantiniya tana iya hana ba da kwanakin nan biyar, muddin Liyo, daga nisan da ba ya ganin teku ko alƙiblar iska, zai fi mutumin da shi da kansa ya zaɓa saboda surukuta gane cewa tarko ne.